Yadda Ake Neman Tallafin Access to Work a Birtaniya, Ga Mai Aiki da Mai Neman Aiki

Tun shekarar 1994 gwamnatin Birtaniya take ware kuɗi domin mutumin da naƙasa ko doguwar larura ke kawo wa cikas a wurin aiki. Sunan shirin Access to Work, kuma yana hannun Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wadda aka fi sani da DWP. Ba rance ba ne, ba a mayarwa. Ba a tambayar nawa ne albashinka ko nawa ka ajiye a banki, kuma ba ya taɓa sauran tallafin da kake karɓa. Da shi ake biya wa kurma tafintan maganar hannu, a saya wa makaho manhajar da ke karanta masa allon kwamfuta, a biya kuɗin tasi ga wanda ba zai iya hawa bas ko jirgin ƙasa ba. Da shi ake ɗaukar mataimaki, da shi ake gyara mota ko wurin aiki. Daga Afrilun 2024 iyakar abin da mutum ɗaya zai samu a shekara ta kai fam 69,260, kodayake buƙatar yawancin mutane ko kusa ba ta kai nan ba.

Na sha zama da mutane muna cike wannan fom, kuma ba kasafai rashin cancanta ke kayar da su ba. Jinkiri ne, ko kuma su cika takarda da tarihin ciwo su manta da bayanin aiki, ko su sayi kaya kafin takardar amincewa ta iso. A kan waɗannan zan fi tsayawa.

Abin da za ka tanada kafin ka buɗe fom

Lambar inshorarka ta ƙasa, wadda ake kira National Insurance. Tana kan takardar albashi, ko kan wasiƙun da hukumar haraji ta HMRC ke aiko maka.

Cikakken adireshin wurin aiki har da lambar unguwa ta gidan waya, da sunan muƙaminka, da ranar da ka fara ko za ka fara, da yawan awannin da kake yi a mako.

Suna da imel da lambar wayar mutum ɗaya a wurin aiki wanda zai shaida cewa a nan kake. Ba za a tuntuɓe shi ba sai da izininka. Kada girman kujera ya ruɗe ka wajen zaɓe. Ɗauki wanda ke amsa imel da wuri, domin shi ne zai riƙa sa hannu a takardun neman biya nan gaba, kuma babban darakta da ba a ganinsa sai wata-wata zai bar kuɗinka a maƙale.

Mai sana'ar kansa zai buƙaci lambar harajinsa mai lamba goma, wadda ake kira UTR.

Littafin rubutu ɗaya da fayil ɗaya, na takarda ko na cikin waya. Duk kiran da aka yi maka, rubuta rana da sunan jami'i da abin da ya ce.

Takardun asibiti ba sharaɗi ba ne. Ba dole sai likita ya sa wa larurarka suna ba kafin ka nema. Idan kana da su, ajiye su kusa, suna ƙara wa magana nauyi. Idan ba ka da su, kada ka zauna jiran layin asibiti, nemi abinka. Akwai kuma wata takarda ta kyauta a shafin intanet na gwamnati, GOV.UK, mai suna Health Adjustment Passport, wadda ke bin ka da tambayoyi kan abin da ke ba ka wuya da abin da zai taimaka. Cike ta tukuna yana sauƙaƙa duk abin da zai biyo baya.

Mataki na 1: Tabbatar shirin ya shafe ka

Sai ka kai shekara 16, kana zaune kuma kana aiki a Ingila ko Sukotlan ko Wels. Ayalan ta Arewa tana da nata shirin daban. Aikin kuma ya zama na biya: aikin albashi, ko sana'ar kai, ko koyon sana'a a ƙarƙashin kamfani, ko zaman samun gogewa, ko gwajin aiki da Jobcentre Plus, ofishin gwamnati na masu neman aiki, ya shirya. Aikin sa-kai ba ya ciki. Wanda bai fara ba amma zai fara, ko zai koma bayan jinya, cikin mako 12 masu zuwa, shi ma ƙofa a buɗe take.

Larurar ba sai wadda ido ke gani ba. Sikila, farfaɗiya, ciwon baya mai tsanani, raunin ji, matsalar karatu da rubutu, ciwon damuwa, duk suna shiga matuƙar suna hana ka wani ɓangare na aiki ko zuwa wurinsa.

Ma'aikacin gwamnatin tsakiya, irin na ma'aikatun ministoci, ma'aikatarsa ce ke ɗaukar nauyinsa kai tsaye. Amma wannan bai haɗa da ma'aikatan lafiya na NHS ba. Nas da likita da mai shara a asibiti duk suna iya nema, kuma da yawa ba su sani ba.

Mai karɓar Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) ko Jobseeker's Allowance (tallafin masu neman aiki) yana iya samu idan yana aikin da ya wuce awa ɗaya a mako. Mai karɓar ESA kuwa, wato tallafin wanda larura ta rage masa ƙarfin aiki, sai aikinsa ya kasance cikin wanda aka yarje masa: ƙasa da awa 16 a mako, kuɗin bai wuce fam 195.50 a mako ba a ƙa'idar 2025 zuwa 2026, kuma da sanin jami'in da ke kula da shi.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta biza. Wanda bizarsa ta hana shi karɓar tallafin gwamnati yakan tsorata da duk wani abu mai tambarin DWP. Dokokin shige da fice sun jera tallafin da suke nufi, irin su Universal Credit da PIP (tallafin rayuwar yau da kullum na masu naƙasa), kuma Access to Work ba ya cikin jerin. Izinin aiki ake buƙata. In kana son hankalinka ya kwanta, kai takardar bizarka ofishin ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice su duba maka kyauta.

Mataki na 2: Idan ba ka da aiki tukuna

Mai aiki ya tsallake zuwa mataki na 3.

Babban tallafin ba ya fita sai an ba ka aiki da ranar farawa. Amma akwai abin da mai nema zai ci moriya tun yanzu.

Na farko shi ne taimakon sadarwa a ganawar ɗaukar aiki. Kurma ko mai raunin ji da ke buƙatar tafintan maganar hannu ta Birtaniya, ko wanda larurarsa ke sa magana da fahimta su yi masa wuya, yana da fom nasa daban, gajere, kuma amsarsa ba ta daɗewa. Sharaɗin shi ne a nema kafin ranar ganawar. Za ka ba da sunan kamfanin, da ranar, da tsawon lokacin, da kuɗin da tafintan ya yanka. Bayan an gama sai a biya. Wanda ya je ya dawo sannan ya tuna, ya makara.

Na biyu, je Jobcentre Plus ka gaya wa jami'in da ke kula da kai larurarka dalla-dalla, ka nemi a haɗa ka da mai ba masu naƙasa shawara kan aiki. Akwai wani asusu a hannunsu mai suna Flexible Support Fund wanda kan biya kuɗin motar zuwa ganawa ko tufafin aiki. Ganin damarsu ne, ba haƙƙi ba, kuma ba kowane jami'i ne zai ambata maka ba sai ka tambaya. Haka nan suna iya shirya maka gwajin aiki na 'yan kwanaki, iyakarsa kwana 30, ba tare da an tsayar da tallafinka ba. Tun da gwajin aiki yana cikin abin da Access to Work ke ɗauka, kana iya neman tasi ko tafinta dominsa. A Ingila da Wels an fara wani sabon shiri a 2025 mai suna Connect to Work, mai haɗa mutum da wanda zai raka shi har ya sami aiki ya zauna a ciki. Tambayi ko ya iso yankinku.

Na uku, a tallan aiki ka riƙa duba tambarin Disability Confident. Kamfanin da ya shiga wannan tsari ya yi alkawarin gayyatar mai naƙasa ganawa idan ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan aikin. Ganawa aka ce, ba aiki ba, amma ga wanda takardarsa ta saba faɗuwa tun a zagayen farko ba ƙaramin abu ba ne.

Shin ka faɗi larurarka ko ka yi shiru? Dokar daidaito ta 2010 ta hana kamfani yi maka tambayoyin lafiya kafin ya ba ka aiki, sai a wurare ƙalilan, kamar tambayar ko kana buƙatar wani sauƙi a ganawar. Don haka zaɓi naka ne. A ganina, idan larurar a fili take, gara ka riga su. Manajan da ya ga keken guragu ko farar sanda, lissafin kuɗi yake yi a zuci ko da bai furta ba. Jimla ɗaya ta wadatar: “Kayan da nake buƙata akwai tallafin gwamnati da ke biya, kuma zan nema ranar da kuka ba ni takarda.”

Mataki na 3: Raba nauyin kamfani da na gwamnati

Wannan dokar ta 2010 ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata nauyin yin sauye-sauye daidai gwargwado domin ma'aikaci mai naƙasa: sassauta lokacin zuwa, mayar da teburinsa hawa na ƙasa, ba shi damar zuwa asibiti, barinsa ya yi wasu kwanaki daga gida. Access to Work ba ya biyan waɗannan. Ba ya kuma sayen abin da kowane ma'aikaci ke buƙata, kamar teburi da kwamfuta na yau da kullum. Daga inda nauyin kamfani ya tsaya yake ɗauka.

Saboda haka zauna da manajanka ko sashen kula da ma'aikata tun kafin ka nema. Bayan zaman, aika gajeren imel: ga abin da muka tattauna, ga abin da kuka amince, ga abin da kuka ce ya fi ƙarfinku. Jami'in DWP zai tambaye ka me kamfani ya riga ya yi, kuma wannan imel ɗin ne amsarka.

Idan manaja ya ce “bari mu ga abin da gwamnati za ta ce tukuna”, tuna masa cikin ladabi cewa nauyin da doka ta ɗora masa ba ya jiran kowa. In ya ƙi, hukumar sasanta rikicin aiki ta Acas tana ba da shawara kyauta, kuma kada ka ja lokaci, domin wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne.

Mataki na 4: Rubuta aikin, ba ciwon ba

Nan ne aka fi faɗuwa. Jami'in da zai karanta takardarka ba likita ba ne, kuma ba a ba shi kuɗi don ya tausaya ba. Abin da yake nema shi ne wane aiki ne ya gagara, me ya sa, me zai warware shi.

Ɗauki mako guda kana rubuta duk abin da kake yi daga fitowa gida zuwa komawa. Ja layi uku a littafinka: aikin, cikas ɗin, maganin. Ga bambancin. Mai sikila yakan rubuta:

“Ina da sikila tun haihuwa, ina shan wahala sosai, musamman lokacin sanyi.”

Gaskiya ne, amma ba abin da jami'i zai iya sa wa farashi. Ga yadda ya kamata:

“Ina fara aiki ƙarfe 6 na safe. Bas biyu nake hawa, kuma tsakaninsu ina tsayuwa a waje kusan minti 20. Sanyi yana tayar mini da ciwo, kuma daga Nuwamba zuwa Maris hakan ya sha kwantar da ni a asibiti har na rasa kwanakin aiki. Ba ni da mota. Ina neman tasi daga gida zuwa aiki da dawowa, kwana huɗu a mako.”

Haka mai raunin gani da ke zaune a teburin karɓar baƙi. Kada ta tsaya a “ba na gani sosai”. Ta ce rubutun manhajar rajista ƙanana ne, sai ta kai fuskarta dab da allo, bayan awa ɗaya kanta ya ɗau ciwo, kuma wasiƙun da ke zuwa a takarda sai ta nemi abokiyar aiki ta karanta mata. Daga nan maganar manhajar ƙara girman rubutu ko karanta allo irin su ZoomText ko JAWS, da babban allo, da na'urar ƙara girman rubutu, za ta zo da kanta.

Mummunar ranarka za ka kwatanta, ba ranar da ka tashi garau ba, kuma ka faɗi sau nawa take zuwa. An tarbiyyantar da mu da cewa “da sauƙi” ko da ana jin jiki, kuma hali ne mai kyau a gaisuwa. A fom kuwa, wanda ya rubuta “ina dai lallaɓawa” ya gaya wa jami'i cewa ba ya buƙatar komai. Kada kuma ka ƙara gishiri. Za a yi magana da wurin aikinka, wataƙila a turo mai dubawa.

Idan ba ka san abin da zai taimaka ba, rubuta hakan ka nemi a duba wurin aikinka. Ƙungiyar RNIB ta makafi, da RNID ta masu matsalar ji, da Scope ta masu naƙasa, duk suna ba da shawara kan irin kayan da ake samu.

Mataki na 5: Kiyaye mako 12, mako 4 da mako 6

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kana iya nema tun saura mako 12 ka fara aiki. Wanda zai fara cikin mako 4 ana sa takardarsa gaba a layi, kuma wannan babbar garaɓasa ce, domin a 'yan shekarun nan dubban takardu sun taru, jira na watanni ya zama ruwan dare. Ranar da takardar ɗaukar aiki ta shigo hannunka, ranar za ka nema.

Mako 6 kuwa maganar kuɗi ce. Idan ka nema kafin ka cika mako 6 a sabon aiki, gwamnati kan ɗauki duk kuɗin da ta amince da shi. Idan ka wuce, kamfani zai sa hannu a aljihu wajen kayan aiki na musamman da gyaran gini, gwargwadon girmansa. Mai ma'aikata ƙasa da 50 ba ya biyan komai. Mai 50 zuwa 249 zai biya fam 500 na farko, mai 250 zuwa sama fam 1,000 na farko, sannan kowannensu ya ƙara kashi 20 cikin ɗari na ragowar har zuwa fam 10,000. Abin da ya haura haka gwamnati kan biya.

A ce kayanka fam 4,000 ne, kamfanin kuma babba. Zai biya 1,000, sannan kashi 20 na ragowar 3,000, wato 600. Nasa 1,600, na gwamnati 2,400. Ba kuɗin da zai karya babban kamfani ba ne, amma ya isa ya sa takarda ta kwana a teburin akanta wata da watanni. Wannan rabon bai shafi kuɗin mataimaki, da tasi, da taimakon lafiyar ƙwaƙwalwa ba, bai kuma shafi mai sana'ar kansa ba.

Mataki na 6: Aika fom, ka kuma tsare wayarka

A shafin GOV.UK ake cikewa, kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya shi ya buɗe maka fayil, ba daga gwamnati yake ba. Rubuta amsoshinka a wani wuri tukuna sannan ka kwafa, ka kuma ajiye kwafin abin da ka aika. Wanda intanet ke ba wuya yana iya nema ta layin wayar shirin, kurma kuma ta Relay UK, hidimar yin waya ta hanyar rubutu, ko ta bidiyo da tafinta. Ɗan'uwa ko aboki yana iya zama kusa ya taimaka.

Daga nan sai jira. Idan layi ya zo kanka, jami'in da aka damƙa wa fayil ɗinka zai kira ko ya aiko imel. Lambar na iya zuwa a ɓoye, don haka daina ƙin ɗaukar baƙuwar lamba, ka riƙa leƙa akwatin tarkacen imel. Idan an neme ka an rasa, ana iya rufe fayil, ka koma ƙarshen layi. In jiran ya sa aikinka cikin haɗari, kira ka faɗa, ka kuma nemi manajanka ya rubuta hakan.

Mai fama da damuwa ko fargaba yana da gajeriyar hanya. Ana neman taimakon lafiyar ƙwaƙwalwa kai tsaye wajen Able Futures ko Maximus, waɗanda ke ba da ƙwararren da zai riƙa bibiyar mutum har wata tara, kuma ba dole wurin aiki ya sani ba.

Mataki na 7: Ranar dubawa

Ba kowa ake turo wa mai dubawa ba. Idan an turo, zai zo wurin aiki, ko ku yi ta waya ko bidiyo. Ba ya zuwa kama maƙaryaci. Aikinsa ya ga yadda kake aiki ya rubuta shawarar abin da za a saya.

Nuna masa, kada ka tsaya ba da labari. Zauna a kujerar, buɗe manhajar, bi da shi ta ƙofar da keken ba ya wucewa. Tambayi sashen kwamfuta tun kafin ranar ko za su yarda a ɗora sabuwar manhaja a na'urorinsu, domin akwai wuraren da tsaro ya hana, kuma ba amfanin a amince da manhaja irin Dragon, mai mayar da magana rubutu, a takarda alhali ba za a iya sa shi ba. Nemi a haɗa da kuɗin horo. Manhajar da ba a koya wa mutum ba, a kwamfuta take tsufa.

Idan rahoton ya zo, karanta shi layi-layi. Ka ga kuskure, rubuta wa jami'inka nan take, kafin a yanke hukunci a kansa.

Mataki na 8: Takardar hukunci

Za ta faɗi abin da aka amince, da nawa, da daga yaushe zuwa yaushe. Tallafi kan kai har shekara uku. Duba awannin mataimaki, da kuɗin kowace awa, da yawan tafiyar tasi, da kason da aka ce kai za ka biya. A tasi akan cire abin da da ma za ka kashe a zuwa aiki. A kayan da za ka yi amfani da su har a gida, kamar na'urar ji ko keken guragu, akan nemi ka biya kason ranakun da ba ka aiki: mai aikin kwana biyar ya biya kashi biyu cikin bakwai.

Idan an ƙi, ko an ba da abin da bai isa ba, kana da mako 4 daga ranar da ke kan takardar ka nemi wani jami'i ya sake dubawa. Wannan tallafi ba a ɗaukaka ƙararsa zuwa kotu kamar PIP, saboda haka kada ka ɓarnatar da damar da fushi. Ɗauki dalilinsu ɗaya bayan ɗaya, ka amsa kowanne da hujja: jadawalin aiki, wasiƙar manaja, farashin tafintoci na gaskiya a yankinku. Idan kuwa yadda aka bi da kai ne matsalar, wannan ƙorafi ne, hanyarsa daban, kuma tana kaiwa har ofishin mai binciken ƙorafi mai zaman kansa, wato Independent Case Examiner.

Mataki na 9: Saye da karɓar kuɗi

Kada ka sayi ko allura kafin takardar amincewa ta zo. Abin da aka saya gabanin haka, galibi ya zama naka.

Ba a zuba maka kuɗin a asusu ka je kasuwa. Kai ko kamfani za ku fara biya sannan a mayar muku, ko kuma a shirya biyan mai kaya ko tafinta kai tsaye. Kayan aiki yawanci kamfani ke saya. Tasi da mataimaki kuwa sukan faɗo kanka, kuma sau da yawa za a ce ka kawo farashi daga wurare uku. Idan ba ka da ƙarfin biyan tasi na wata guda kana jiran a mayar, nemi kamfanin tasi da zai buɗe maka asusu ya riƙa fitar da takardar kuɗi a ƙarshen wata, ka gaya wa jami'inka tun farko cewa su kake so a riƙa biya.

Wata tara kake da shi ka nemi a mayar maka da duk abin da ka kashe. Kada ka kusanci wannan iyaka, nemi biya kowane wata, ta intanet ko ta fom na takarda. Rasit ɗin tasi ya nuna rana, da inda aka ɗauke ka, da inda aka sauke ka, da kuɗin. Irin siririyar takardar nan mai santsi da injin direba ke fitarwa, in ta yi 'yan makonni a aljihun jaka sai ka ciro ta fara fat, ba ko harafi. Ɗauki hotonta kafin ka shiga gida. Ranar da ba ka je aiki ba, ko hutu ko jinya, kada ta shiga lissafi. Mutumin nan da ka zaɓa a wurin aiki zai tabbatar da kwanakin, kuma kuɗin da aka biya bisa kuskure ana karɓe shi.

Wajen mataimaki akwai zaɓi. In ka ɗauke shi da kanka, ka zama mai ɗaukar ma'aikaci, da harajinsa da inshorarsa da hutunsa a wuyanka. In ta hannun kamfanin samar da ma'aikata ne, ko mai zaman kansa da ke kawo takardar kuɗinsa, ya fi tsada a awa amma kanka ya huta. Ga mai farawa na fi son na biyun. Ka kuma sani cewa mataimaki yana nan ne ya cire maka cikas, ya karanta, ya ɗauko, ya fassara, ya tuƙa. Ainihin aikin da aka ɗauke ka dominsa naka ne.

Mai sana'ar kansa shi ke tabbatar da takardunsa, don haka an fi sa masa ido. Za a so ganin cewa sana'ar tana kawo kuɗi, ta takardun haraji, ko tsarin kasuwanci a rubuce in sabuwa ce. Jari da kuɗin kafa sana'a ba sa cikin abin da ake biya.

Mataki na 10: Sabuntawa da canjin aiki

Tallafin ba ya sabunta kansa. Ana buɗe ƙofar sabuntawa saura mako 12 ya ƙare, don haka sa ranar a kalandar wayarka tun yau, ka nema a makon farko.

Duk abin da ya canza, sanar da su: adireshi, awanni, muƙami, larurar ta ƙaru ko ta ragu, ko mai sa maka hannu ya bar aiki. Idan za ka koma wani kamfani, tallafin ba ya bin ka kai tsaye, sai ka tuntuɓe su da bayanin sabon wurin, kuma lissafin mako 4 da mako 6 ya sake farawa. Kayan da tsohon kamfani ya saya nasa ne a ƙa'ida, ko da kuɗin gwamnati aka saya. Da yawa sukan bar wa mutum, tun da kujerar da aka auna da bayanka ba ta da amfani ga wani, amma sai ka roƙa a rubuce kafin ranarka ta ƙarshe, ka kuma tambayi jami'inka ko za a biya kuɗin ɗaukar kayan zuwa sabon wurin.